Rigar Katifar Muhsina

Tungar Guru,
2 ga Yuni, 2014.

Zuwa ga Yayata Zubaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ɗinki? Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya sauka, an gama shukar gero. Iyatu mai daddawa ce za ta kawo miki takardar nan idan ta shigo kasuwar Gummi. Ban kira ki ba don waya tana hannun baban Muhsina, kuma maganar ba wadda zan hau tudu in yi mutane suna saurare ba ce.

Yaya, jikin Muhsina ne. Tun bara take farkawa da atishawa a jere, hanci na zuba, tana murzar ido har su kumbura. Bana abin ya sauka ƙirji. Idan ta tashi da safe numfashinta sai ya riƙa kuka kamar an danne ɗan kyanwa. Kowa a gidan nan ya ce gubar dalmar dutsen zinari ce ta dawo. Na ɗauke ta zuwa asibitin Anka, aka ɗebi jini, aka ce dalmar jikinta ba ta kai ta damuwa ba.

Wata malamar asibiti, Malama Hawwa'u, ta zaunar da ni ta yi ta tambaya. Yaushe abin ya fi tsanani? Na ce da ta tashi daga barci. A gona fa? Na ce a gona har gudu take yi. Sai ta ce akwai wasu ƙwari da ido ba ya gani, ba kuɗin cizo ba, su ba sa cizo. A cikin katifa da matashi suke zama, suna cin abin da ke zuba daga fatar mutum. Kashinsu ne ke tashi ya shiga hanci. Wani yaron ba ya damunsa, wani kuwa ya shaƙe shi. Ta ba mu maganin shaƙa, ta kuma nuna mini wata riga da ake sa wa katifa, farin yadi mai saƙa a matse, da zif da ke rufe ta ruf, don kada abin da ke ciki ya fito. Ta ce ba a sayarwa a nan, amma tela mai hannu zai iya ɗinkawa.

Kin san katifarmu, ta audugar rimi ce, wadda surukata Inna Marka ta cika da hannunta ta ba mu. Ba zan iya jefar da ita ba. Don haka ki ɗinka mini rigar, da ta matashi ɗaya. Na auna da zaren da ke cikin takardar nan. Ƙulli na farko tsawo, na biyu faɗi, na uku kauri.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Sa'adatu.


Gummi,
10 ga Yuni, 2014.

Zuwa ga ƙanwata Sa'a,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ciwon bayan nan da ba ya rabuwa da mai keken ɗinki. Allah Ya ba Muhsina lafiya.

Sa'a, kin kusa kashe ni. Babur ɗin da ya ɗauko Iyatu ya zame a rafi, takardarki ta sha ruwa. Ta bar ta a shagon maƙwabcina ta wuce kasuwa. Da na buɗe, tawada duk ta narke. Abin da na iya karantawa shi ne "Muhsina", da "numfashi", da "asibitin Anka", da "farin yadi", da "na auna". Sai ga zare mai ƙulli ya faɗo a cinyata. Ke da kanki kin san abin da na ɗauka. Na fita ko takalmi babu, na bi layin 'yan daddawa ina kuka, har na iske Iyatu tana auna wa wata mata. Ta ce in yi salati, ita ta baro yarinyar tana korar ɗan akuya a ƙofar gida. Sai da na shanya takardar a kan keke ta bushe sannan na haɗa sauran maganar da ƙyar.

To, ga amsata. Ba zan ɗinka ba. Idan ni da na goya ki na ga farin yadi da awo na ɗauka likkafani ne, me kike zaton Inna Marka za ta gani? Gidan da ya binne yara biyu a mako ɗaya, a shimfiɗa wa ta ukun fari ta kwanta? Sannan ki je ki ce wa tsohuwa katifar da ta cika da hannunta ce take shaƙe jikarta. Ai zagi ne, ko da ba ki nufa ba.

Ki riƙa fitar da katifar rana. Ki ba yarinyar maganin da aka ba ki, ga zuma nan na aiko ki riƙa lasa mata. Sauran kuwa ki yi haƙuri. Kamilu mijin kirki ne, ba ya son abin da zai ɓata ran uwarsa, kuma ba mu da uwa ko uba da za ki koma wurinsu idan abu ya lalace. Yara suna girma su bar irin wannan tari.

Yayarki,
Zubaida.


Tungar Guru,
19 ga Yuni, 2014.

Yaya Zubaida,

Assalamu alaikum. Na ga takardarki da zuma, na gode. Ki yafe mini kukan da na sa ki. Allah Ya sawwaƙe ciwon baya. Muhsina tana nan yadda take. Shekaranjiya sai da na shaƙa mata magani sau uku kafin hantsi.

Kin ce in yi haƙuri. Bari in tuna miki wani haƙuri da na yi. Shekara huɗu ke nan, lokacin da baban Muhsina yake kawo buhunan dutsen zinari gida, ni nake dakawa a turmin da nake daka hatsi, Barakatu tana bayana, babban yana wasa a cikin garin dutsen. Da suka fara amai da suma na ce ni ƙurar nan nake zargi. Inna Marka ta ce in rufe bakina, ƙura ba ta taɓa kashe kowa ba, kada in kori arziki. Na zo Gummi sunan ɗiyarki na faɗa miki, kika ce in yi haƙuri, manya sun fi ni sani. Na koma na ci gaba da daka. Ranar Talata aka binne Barakatu, ranar Asabar aka binne Naziru. Ga shi na rubuta sunansa, ɗan fari ne ko ba ɗan fari ba, kunyar da na ji ta ishe ni.

Ba ina cewa ke kika kashe su ba. Hannuna ne a kan taɓarya. Amma wancan karon ma abin da ido ba ya gani ne, sai da baƙi suka zo suka kwashe ƙasar gidanmu sannan kowa ya yarda.

Rana na sa katifar, ba sau ɗaya ba. Malama Hawwa'u ta ce rana tana ragewa, amma audugar ta yi kauri, kuma damina ce, da an mayar ɗaki ƙwarin suke sake yawa. Na gwada naɗe ta da leda. Yarinyar ta jiƙe da gumi, ƙurajen zafi suka feso mata, Inna kuma ta ji ƙarar ledar ta tambaye ni ko jikarta buhun taki ce.

Maganar fari kuwa, ni ban ce lallai fari ba. Ko baƙi ne, ko kore, duk ɗaya. Abin da ake so shi ne saƙar ta matse. Ki ɗaga yadin a rana, idan kin ga haske yana ratsawa ta ƙananan ramuka, ki ajiye. Ki kara shi a baki ki hura, idan iska ta wuce da sauƙi, ki ajiye.

Idan har yanzu kin ƙi, ki faɗa wa Iyatu da baki, ba sai kin ɓata takarda ba. Akwai teloli maza a Bukkuyum. Zan je da ƙafata in yi musu bayani, ko da za a ce matar Kamilu ta zautu.

Ƙanwarki,
Sa'adatu.


Gummi,
6 ga Yuli, 2014.

Sa'a,

Wa alaikumus salam. Yaya ibada? Allah Ya karɓa mana. Muna lafiya, aikin sallah ya fara yawa.

Takardarki ta hana ni cin abinci kwana biyu. Na so in rubuto miki maganar da za ta yi miki zafi kamar yadda taki ta yi mini, na rubuta na yaga. Na tuna ranar. Kina zaune bakin gadona kina cewa hannunki ma ɗaci yake idan kin lasa, ni kuma hankalina yana kan baƙi. Abin da kika ce na faɗa, na faɗa.

Ga rigar nan. Rumfa tara na zaga ina ɗaga yadin mutane a rana ina hurawa. Wani ya ce ko tofi nake yi, wani ya ce da azumi a bakina nake jiƙa masa kaya. Atamfa duk ta faɗi, leshi ba a maganarsa. Wanda ya tsaya guda ɗaya ne, wani yadi mai santsi da ake yi wa maza 'yar ciki, kuma fari kawai ya rage. Na tambayi mai rini, ya ce irinsa ba ya kama baba da kyau, zai riƙa zuba a jikin yarinya. Don haka fari kika samu, ba ni na zaɓa ba.

Na ninka bakin ɗinki sau biyu. Zif biyu na haɗa don babu mai tsawon da ya kai, na kuma ɗora masa leɓe a inda suka haɗu. Na sa miki zannuwa biyu masu fure. Ki shimfiɗa ɗaya a kai ki cusa bakinsa ƙarƙashi, kada farin ya leƙo ko kaɗan. Ki sa ta lokacin da Inna Marka ta fita.

Na yi miki abin da kika ce, amma ban canja ra'ayi ba. Ki faɗa wa Kamilu kafin uwarsa ta gani. Namiji ya fi yafe abin da aka faɗa masa a kan wanda ya gano.

Yayarki,
Zubaida.


Gummi,
24 ga Agusta, 2014.

Sa'a,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ke fa? Mako bakwai ke nan babu takarda, ko barka da sallah. Iyatu ta daina zuwa tun da ruwa ya cinye hanya. Na kira wayar Kamilu ba ta shiga, ranar da ta shiga kuma ya ce yana gona, ya kashe.

Jiya wani mai sayar da awaki daga wajenku ya ce an gan ki a kan babur da yarinya da ƙullin kaya, kin nufi Anka, an ce yaji kika yi. Wa kike da shi a Anka? Idan an kore ki ne, ki zo nan. Na yi magana da maigidana, ya ce ɗakin baya naki ne. Ba zan ce miki na faɗa miki ba. Shi mai awakin zai kawo miki wannan. Ki ba shi amsa ko layi biyu ne.

Yayarki,
Zubaida.


Tungar Guru,
8 ga Satumba, 2014.

Yaya Zubaida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Muhsina tana gaishe ki. Ki gode wa maigidanki, Allah Ya saka masa. Amma ku bar ɗakin baya da kayan da ke cikinsa. Ban yi yaji ba, ba a kuma kore ni ba tukuna.

Rigar ta zauna daidai. Na faɗa wa baban Muhsina kamar yadda kika ce, ya ce shi bai ji ba bai gani ba. Duk Juma'a nakan wanke zanen da ruwan zafi. Makon farko ban ga komai ba, har gabana ya faɗi. A na uku atishawar ta ragu. Bayan sallah muka yi kwana goma sha ɗaya ban taɓa maganin shaƙa ba. Ba warkewa ta yi ba, idan ana hayaƙi tana tari, amma tana tashi da safe ta nemi koko maimakon ta nemi iska.

Ranar wata Laraba ina gona, Muhsina ta zubar da fura a gado, Inna Marka ta ɗaga zane don ta goge. Da na dawo na iske katifar tsirara. Ta cire rigar ta binne a bayan gida, ta bubbuge katifar da sanda a cikin ɗaki, ta turara ɗakin don korar mugun abu, ta kwantar da yarinyar a kai. Kafin la'asar leɓɓan Muhsina sun canja launi. Shi ne babur da ƙullin kayan da aka gani. Kwana uku muka yi a asibiti.

Da muka dawo na ɗauki fartanya na tono rigata, na wanke ta, na shanya a igiyar tsakar gida. Inna ta fito ta tsaya. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Ni na yi wa biyu wanka, ni na naɗe su. Ba zan ga ta uku kwance a kan fari ba ina da rai." Yaya, na ji tausayinta. Na ce mata ni ma abin da nake gudu ke nan.

Washegari da hantsi baban Muhsina ya kira ni zaure. Ya ce ya gaji da a riƙa cewa wani abu a gidansa yana kashe masa ɗiya. Ya ce duk garin nan kallon da ake yi masa ke nan, yanzu kuma na ƙara da uwarsa. Ya ce idan na mayar da rigar, in haɗa kayana.

Na koma ciki na jawo katifar har tsakar gida. Matan ƙannensa suna surfe, suka tsaya. Na zura mata rigar a gaban kowa, na ja zif, na mayar da ita ɗaki, ko zanen fure ban shimfiɗa ba sai da yamma. Na ce masa da ƙarfi, yadda Inna za ta ji daga ɗakinta, "Ban haɗa kaya ba. Idan kana son in tafi, ka rubuto takarda, zan karɓa da hannu biyu. Amma yau a kan wannan za ta kwana."

Kwana goma sha tara ke nan bai rubuto ba. Ba ya mini magana sai abin da ya zama dole. Inna ta daina cin tuwona, ni kuma ban daina kai mata ba. Idan zan tafi gona nakan sa wa ɗakina kwaɗo, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan.

Ƙanwarki,
Sa'adatu.


Tungar Guru,
12 ga Oktoba, 2014.

Yayata Zubaida,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, Allah Ya maimaita mana. Na ga saƙonki na baki ta wurin Iyatu, cewa kina addu'a. Muna lafiya, an fara yankan gero. Muhsina ta yi ƙiba har rigar sallar da kika aiko ta kama ta a hannu.

Ga yadda aka ƙare. Mako biyu kafin sallah baban Muhsina ya karɓi makullina, ya fitar da katifar, ya buɗe zif, ya kankare ƙurar da ke bakin ɗinki ya ƙulle a takarda. Ya ce zai kai Anka a duba a gabansa, idan babu komai zai dawo ya ƙona rigar, ni kuma in san inda zan nufa. Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Bayan azahar ya dawo. Ya jingine babur ya zauna a kan turmi. Ashe Malama Hawwa'u ta kai shi ɗakin gwaji, aka sa ƙurar a madubin likita, aka ce ya leƙa. Inna ta fito ta tambaye shi me aka ce. Ya ce, "Ba cewa aka yi ba, Inna, gani na yi. Ƙafa takwas gare su, suna motsi." Ya ƙara da cewa an gaya masa kowace katifa tana da su, har ta likitan, ba ƙazanta ba ce.

Kada ki zaci ta sauko. Ta ce tunda katifarta ta zama abin kaiwa asibiti, a ba ta abarta. Da kanta ta cire rigar ta ajiye a ƙofata, ta sa aka kai katifar ɗakinta. Mako guda muka yi a kan tabarmar roba, sannan baban Muhsina ya kawo ta soso daga Bukkuyum. Ta fi waccan ƙanƙanta, rigar ta yi mata yawa. Na ninke na kama da allura, amma idan kin samu sarari ki ɗinka wata, awon yana bayan takardar nan.

Daren sallah ya ce mini shi ya janye maganarsa, amma lallai in nemi gafarar Inna. Na ce zan nemi ta abin da na yi ba daidai ba. Da aka sauko idi na kai mata tuwo da hanta, na durƙusa a ƙofarta, ƙannensa da matansu duk suna nan. Na ce, "Inna, na ɗaga murya a tsakar gidanki, na sa wa ɗaki kwaɗo kina cikin gida. Ki yafe mini."

Ta dube ni ta ce, "Rigar fa?"

Na ce, "Rigar tana nan, Inna."

Ta bar ni a durƙushe har gwiwoyina suka fara ciwo. Ban tashi ba. Can sai ta jawo kwanon ta buɗe, ta ce miyar ta yi gishiri, ta kira Muhsina ta zo su ci.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Sa'adatu.